Raba Uwani da Tuwo

Jikata da ƙawayenta sun zo hutu daga jami'a, suka baje a tsakar gidana, kowacce da waya a hannu, ana ta maganar rage ƙiba. Ɗaya daga cikinsu tana da ƙane ɗan shekara goma sha biyu da wandon makaranta ya daina shigarsa. Ta ce abin ai ba wuya, a hana shi tuwo da shinkafa da burodi, a ba shi ƙwai da ganye, kafin wata ɗaya ya zube. Na tambaye ta ko ta taɓa zama da yaro mai jin yunwa alhali ana tuƙa tuwo a gabansa. Ta ce a'a, amma ta gani a waya. To, ni shekara talatin da ɗoriya na yi a kicin ɗin asibiti a nan Keffi, yawancinsu ina dafa wa mutanen da likita ya raba da tuwo. Shi ya sa na ce su kife wayoyin su saurara, ga kuma abin da na faɗa musu.

Aikina na farko wanke tukwane ne. Na shiga ba da daɗewa da samun 'yancin kai ba, a ƙarƙashin Mama Rifkatu, wata gajeriyar mata 'yar ƙabilar Mada da ta koyi girki a hannun matan mishan. Hausarta ba ruwanta da mace ko namiji, kowa “kai” ne. Kayan aikinmu manyan tukwanen ƙarfe uku ne, da muciya da ta kusa tsawona, da ludayi, da marar kwasar tuwo, da gwangwanin madara na awo, sai wani ƙaramin sikeli mai allura da take kullewa a kabad kamar gwal. A can kusurwa akwai wata 'yar tukunya da ake kira tukunyar masu sukari. Shekara biyu na yi ina wanke ta kafin a yarda in ɗora ta a wuta. Babbar tukunya ƙarfi take so, kowace mai ƙwanji za ta iya. Ƙaramar nan kuwa ido take so, da awo, da taurin zuciyar da za ki kalli dattijo yana roƙonki ƙarin loma ɗaya ki ce babu.

Abin da ya sa na ƙwallafa rai a kan tukunyar nan kwalbar gwaji ce. Idan na kai shayi ɗakin gwaji, nakan yi ta jan ƙafa don in ga yadda ake duba fitsari. Mai gwajin zai zuba wani ruwa shuɗi a siririyar kwalba, ya ɗiga fitsarin majinyaci, ya riƙe a kan ɗan harshen wuta. In ya tafasa ya tsaya shuɗi, babu sukari. In akwai kaɗan sai ya yi kore, in ya fi haka ya yi ruwan ɗorawa, in abin ya yi yawa ya koma ja kamar jar ƙasa. Na lura abin da muka zuba a kwano jiya shi ke fitowa a kwalba yau. Wanda 'yan uwansa suka shigo masa da doya a ɓoye, kwalbarsa za ta tona shi. Abin ya ɗaure mini kai, don tuwo ba shi da zaƙi, ta yaya zai zama sukari? Na tambayi Mama Rifkatu. Ba ta yi mini dogon bayani ba, ta gutsuro gayan tuwo ta ba ni.

“Kai yarinya, tauna. Kada ka haɗiye sai na ce.”

Na yi ta tauna har muƙamuƙina ya gaji, can sai na ji wani zaƙi-zaƙi yana tasowa a bakina. Ta ce abin da yake yi a ciki ke nan, shi da shinkafa da rogo da doya da fura duk 'yan gida ɗaya ne. Ban ƙara mantawa ba.

Da kuɗin man fetur ya shigo ƙasar nan, ni a kwanon mutane na fara ganinsa. Shagunan Sabon Gari suka cika da burodi mai laushi, da madarar gwangwani, da sukari 'yan ƙwaya, da lemon kwalba akwati-akwati. Shinkafa da a da sai da salla ta zama ta kullum a gidajen masu hali. Yaro ya yi kumatu, a ce Allah ya buɗa wa ubansa. Ba wanda ya ɗauki ƙiba ciwo, ni ma ban ɗauka ba, sai da aka kawo Uwani.

Uwani 'yar maƙwabcinmu ce a Gangaren Tudu, wani Alhaji ɗan kwangila. Shekarunta goma sha huɗu, kanta na ja, ta ci jarrabawar shiga makarantar 'yan mata ta kwana. Abin da ya rage kawai likita ya duba ta ya sa hannu a takarda. Sikelin ɗakin yara ya gaza da ita, sai aka kawo ta sitonmu aka ɗora ta a kan na auna buhunan hatsi. Na ji mata kunya, ita kuwa ko a jikinta, ta leƙa ta karanta wa nas lambar da kanta. Bayan wuyanta ya yi baƙi ƙirin, uwarta ta ce ta gaji da dirza shi da soso, dauɗar ta ƙi fita. Likitan, wani Ba'indiye, ya ce ba dauɗa ba ce, ya sa a duba fitsari. Kwalba ta yi ja. Ya sa aka sake, ta sake yin ja. Shi ma abin ya ba shi mamaki, ya ce sukarin da ya saba gani a yara na ramammu ne, irin wannan kuwa a tsofaffi ya san shi. Saura wata uku a buɗe makaranta. Ya ce in kwalba ta koma shuɗi kafin nan zai sa hannu. In ba ta koma ba sai allura kullum, kuma ba makarantar kwanan da za ta karɓi yarinya mai allura.

Alhaji ya roƙi Mama Rifkatu a bar ni in riƙa dafa wa yarinyar, tunda gidajenmu na kallon juna. Na karɓa da rawar jiki, na kuma fara da kuskuren da 'yar wayar nan take shirin yi wa ƙanenta. Na yanke komai rana ɗaya. Ba koko, ba tuwo, ba shinkafa, ko ɗigon sukari. Da safe dafaffen ƙwai da shayi tsura, da rana kifi da miyar alayyahu, da yamma nama da kuɓewa. Kwana huɗu aka kawo mini ita a jigace, kai na sara, jiri na ɗibarta, bayan gida ya ɗaure. Mama Rifkatu ta wanke ni tas a gaban masu wanke-wanke. Ta ce wannan ba tsoho ba ne da ya gama girma, yarinya ce da ƙashinta ke miƙewa, ragewa aka ce in yi ba horo ba. Likita ya sa aka mayar mata da tuwon acca sau ɗaya a rana, malmala ɗaya da ba ta wuce dunƙulen hannunta ba, da alala wata rana, da kindirmo ba fura, da lemon zaƙi ɗaya, da ruwa mai yawa. Ta warware.

Mako uku muna haka. Kwanona yana dawowa a suɗe, yarinya ba ta ƙorafi, ba ta ma cewa tana jin yunwa. Amma duk Litinin sikeli na nan inda yake, kwalba na nan ja. Na sake auna accar, na rage mai, na zargi kindirmon har na sauya Bafillatanar da ke kawo mini. Na tambayi uwar, ta rantse ko ƙwayar shinkafa ba ta ba ta, kuɗin kashewa ma an hana ta. Abin ya hana ni sukuni. Rashin ƙorafin nan shi ya fi tsaya mini a rai, don na san yunwar wanda aka raba da tuwo, na sha ganin manyan maza suna hawaye a kanta.

Wata Alhamis na tashi aiki da wuri, maimakon in aika da kwanon sai na kai da kaina bayan la'asar. Aka ce Uwani na ɗakin kakarta, Iya Babba, mahaifiyar Alhaji. A can take kwana tun da aka yaye ta, sunan mahaifiyar tsohuwar ma aka sa mata. Kwana huɗun farkon nan ne kawai aka tsare ta a ɗakin uwarta, da ta jigata aka mayar da ita. Na yi sallama na ɗaga labule, sai na tarar da kwano biyar a jere a kan tabarma. Uku daga gidajen 'ya'yanta maza, ɗaya daga gidan 'yarta, ɗaya daga wata aminiyarta ta tun ƙuruciya. Kun san al'adarmu ta cikin gari, kowane gida in an sauke tukunya sai an kai wa tsohuwa nata, kuma mayar da kwano yadda ya zo ba ƙaramin cin fuska ba ne. Iya Babba haƙoranta sun zube, loma biyu ke ƙosar da ita. Uwani ce ke zaune a tsakiya, tana bi ɗaya bayan ɗaya, tuwon shinkafa, sakwara, dambu, tana yi wa kowanne rami don a ga an ci. Tsohuwa na gefe tana kallonta, fuskar nan fal da jin daɗi.

Na durƙusa na gaishe ta, na ce, “Iya, ai likita ya hana ta waɗannan.”

“Likita ya hana ta abincin gidan ubanta, an kuwa bari,” in ji ta. “Wannan nawa ne. Ita ce bakina, 'yar nan. In ba ta ci ba, wa zai ci mini?”

Ba ƙarya a maganarta, ba kuma ɓoye-ɓoye. Uwar ta san da kwanukan, amma a ranta ba ta taɓa lissafa su cikin abincin Uwani ba, na Iya ne. Alhaji kuwa da na same shi sai ya sunkuyar da kai, ya ce shi ba zai iya buɗe baki ya hana mahaifiyarsa abin da take so ba. A ranar na gane cewa tukunya ɗaya ce kawai a hannuna, yarinyar kuwa gida shida ke ciyar da ita.

Ban hana kwano zuwa ba, wa ya isa. Na ɗauki mayafi na bi gidajen nan ɗaya-ɗaya, na roƙi a riƙa zuba miya daban da tuwo daban, a ƙara nama ko kifi a miyar. Ba duka suka karɓe ni da fara'a ba. Matar babban wan Alhaji ta tambaye ni ko tuwonta ne ke da ciwo a ciki. Aminiyar Iya ta ce shekara arba'in tana kai kwanon nan ba wanda ya taɓa koya mata zubi. Na sha haƙuri na ba da haƙuri. Iya Babba ta yarda da kyar Uwani ta riƙa shan miya da nama, tuwon a miƙa wa maƙwabta, don nama dai abincin masu hali ne, ba abin kunya a ciki. Mako biyu kwalba ta sauko ruwan ɗorawa, allurar sikeli ta motsa. Daga nan kuma yunwa ta gaske ta fara. Uwani ta daina dariya, ta fara faɗa da ƙannenta, takan zauna a bakin murhun uwarta tana kallon muciya.

A daidai lokacin annobar kaji ta faɗo. A aikina ban ga shekara mai wuya irin wannan ba. Matan ƙauye da ke kawo mana ƙwai daga wajen Panda suka daina zuwa, kaji na mutuwa a akurki kamar an zuba musu guba. Masu sukari na asibiti da ƙwai muke karya musu kumallo, muka koma ƙulla agushi a ganye muna turarawa, muna soya riɗi, muna daka busasshen kifi. Duk suna riƙe jiki amma ba sa cika ciki, cikin Bahaushe kuwa in bai ji nauyi ba bai yarda ya ci ba. Sai na tuna da zogalen da ke jikin katangata. Na tsinko, na dafa, na matse, na kwaɗa da ƙuli-ƙuli da albasa da tumatir da ɗan man gyaɗa, na cika kwano maƙil na aika, ina ta yaba wa kaina.

Kwanon ya dawo mini yadda ya tafi, ko murfin ba a ɗaga daidai ba. Iya Babba, matar da ba ta taɓa mayar wa kowa kwano ba, ni ta mayar wa. Raina ya ɓaci sosai, na ɗauke shi na koma da shi da kaina. Na same ta zaune a bakin gado, Uwani na rakuɓe a gefe. Ban gama gaisuwa ba ta tare ni, murya ƙasa-ƙasa. Ta ce tana 'yan shekaru da aure a wani ƙauye bayan Panda aka yi shekarar fara, ta cinye gonaki ƙarƙaf. Wata biyar ba abin da suka sa a baki sai ganye, zogale da tafasa da rama, ko gishiri wata rana babu. 'Ya'ya biyu ta binne. Babban, Sale, yana tauna zogale a cinyarta ya cika.

“Na roƙi Allah kada jinina ya ƙara cin ganye don ya ƙoshi,” ta ce. “Ya amsa mini. Ɗana na da mota biyu. Yau ke za ki kawo wa uwata abincin yunwa a kwanon sha?”

Uwani ce ta jawo kwanon gabanta ta buɗe.

“Iya, ina son makarantar nan,” ta ce. “In ban tafi bana ba, ba za su sake kirana ba.”

Ta ɗebo ta kai baki, ta yamutsa fuska don ɗaci, ta haɗiye, ta sake ɗebowa. Tsohuwa ta yi ta kallonta. A loma ta huɗu ta miƙa hannu ta ɗauki ɗan kaɗan, ta murza a yatsa, ta ɗanɗana da dasashi, ta tofar. Ta ce wannan wace irin 'yar asibiti ce da ba ta iya dafa zogale ba. Wai na bar tsinkayen a ciki, ban zubar da ruwan farko ba, na kuma tsinko tsohon ganye. Ta ce in zo gobe da hantsi in ga yadda ake yi.

Ni da na yi shekaru ina taƙama da ƙaramar tukunya, na koma ɗaliba a gaban tsohuwar da ba ta taɓa ganin sikeli ba. Ita ta koya mini tsinkar toho kafin rana ta yi zafi, da sa kanwa kamar ƙwayar wake, da haɗa zogale da rama don tsamin ya kashe ɗacin, da barbaɗa soyayyen riɗi a sama. Ta san ganyen da ke riƙe ciki har magariba da wanda ke gudu kafin azahar, ta san wanda ke sa zawo in an yawaita. Yunwa ce ta koya mata, kuma ba ta ƙara ambaton wannan ba. Tana aikin ne fuska a ɗaure, ba ta taɓa kai ko tsinke ɗaya bakinta ba bayan ɗanɗanon farko. Uwani ta riƙa cika ciki da kwaɗo kafin ta taɓa 'yar malmalarta ta acca, faɗa da ƙanne ya ragu. Abin da na koya a ɗakin nan da shi na ciyar da masu sukari na asibiti har na yi ritaya.

Kwalba ta yi kore, ta daɗe a kore har na fara fid da rai. Saura kwana tara a buɗe makaranta ta tsaya shuɗi. Likita ya sa aka sake washegari bayan ta ci abinci, ta sake tsayawa. Ba wai Uwani ta zama siririya ba ce, har ta tafi tana cikin manyan 'yan ajinsu, amma an rage wa rigunanta faɗi, baƙin wuyan nan ya fara washewa. Likita ya sa hannu, ya haɗa da wasiƙa zuwa ga matar da ke kula da abincin makarantar, ya ce duk hutu a kawo ta gwaji. Sauran 'yan mata akwatinsu garin rogo ne da sukari da madara. Na Uwani busasshen zogale ne, da ƙuli-ƙuli, da riɗi, da kifi, Iya Babba ce ta shanya ta ƙulla da hannunta.

Ranar tafiya muka fito ƙofar gida, mota na jira. Iya Babba ta dogaro sanda har zaure, abin da ta daɗe ba ta yi ba. Uwani ta durƙusa yi mata sallama, tsohuwa ta kama wuyan hannunta ta zagaye shi da babban yatsa da manuni. Yatsun suka haɗu. Direba ya yi oda, Alhaji ya ce rana na yi, ita kuwa ta ƙi saki. Ta juyo ta dube ni.

“Na Sale ma haka na riƙa aunawa,” ta ce. “'Yar nan, ki gaya mini tsakaninki da Allah. Wannan ramar ta lafiya ce?”

Na ce, “Tsakanina da Allah, Iya, ta lafiya ce.”

Ta ƙara riƙe hannun na ɗan lokaci, tana kallon yatsunta. Sannan ta buɗe su ɗaya bayan ɗaya, ta ce wa yarinyar ta tashi kada mota ta tafi ta bar ta.